Ƙura da hayaƙi a ɗaki: gas, esi, fanka mai ruwa ko na'urar tace iska, wanne za ka fara saye?

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa maganar ɗaya ce a gidajen Katsina, yara na tari, hanci ya toshe, mai asma ya koma kwana a zamne, uwargida ta goge kan talabijin da safe amma kafin azahar za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kai. Sai maigida ya shiga lissafi, ga 'yan kuɗi a hannu ba su taka kara sun karya ba, wani ya ce mashi sayi na'urar tace iska, wani ya ce ai esi ne magani, a kasuwa an nuna mashi fanka mai ruwa, mai ɗakin kuma tun bara take maganar gas. Duka ba za su sayu lokaci guda ba. To wanne?

Kafin a zo kan kaya sai an san da wa ake faɗa, don abin da ke ɓata iskar ɗakunanmu iri biyu ne kuma maganin wannan shi ke ƙara wancan. Na farko ƙurar waje. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu daga hamada yake tasowa, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki ne wanda babu wuri guda a duniya da ya kai shi tada ƙura, ga kuma tamu ta gida, layukan unguwa marasa kwalta da babura da napep ke tadawa wuni zubur. Maganin wannan a rufe taga. Na biyu hayaƙin da mu da hannunmu muke kunnawa, itace, gawayi, risho, igiyar leƙo, turaren wuta, janareta. Maganin wannan a buɗe taga. Ka ga kenan gaba kura baya siyaki, shi ya sa babu kaya guda da zai yi maka duka biyun.

Ƙura ta fi damun ido don ita ake gani, amma hayaƙi ya fi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatar iskar cikin gida, wadda tushenta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Masu ɓarnar su ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5, ƙanana ne ƙwarai, kaurin gashin kai guda ya ninka su kusan sau 30, gashin hanci ba ya tare su, har can ƙasan huhu suke sauka wasu ma su ratsa cikin jini.

Da mi za mu auna

Tambaya ta farko da zan yi wa kowane kaya ita ce, mi yake cirewa, ƙura ko hayaƙi ko kuwa zafi kawai? Sai kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne, na saye da na riƙo, don akwai abin da sayen shi ba wuya amma ciyar da shi ne zai sa ka jingine shi bayan ƙofa. Ba zan cika sa naira ba saboda kusan duk kayan nan dala suke bi, abin da aka faɗa maka ran Litinin ba shi za ka iske ran Juma'a ba, zan dai nuna wanda ya fi wani nauyi. Sai ƙarko, watau zai jure ƙurarmu da zafinmu da ke haura 40 a Afrilu? Sai sauƙi, kuma a nan babbar magana ita ce wuta, in NEPA ta ɗauke yana aiki ko ya zama ado, in ya lalace akwai mai gyara a gari? Na ƙarshe haɗari, don wasu daga cikinsu suna da nasu sharrin.

Wutar girki: gas, gawayi, risho, murhun tattali

In da itace ko gawayi ake girki a gidanka, ni a wurina nan kuɗin farko ya kamata su tafi, ba wata jayayya. Shiga kicin ɗin da ake hura itace ka ɗaga kai ka dubi kwanon rufi, baƙin nan mai maiƙo da ya daskare a jiki, irin shi ke shiga ƙirjin mai girkin, kuma ba ita kaɗai ba har jaririn da ke goye a bayanta. Da damina abin ya fi muni, itace ya jiƙe, an maido murhu cikin ɗan ɗaki saboda ruwa, tana duƙe tana fifita da faifai ido ya yi jajir.

Gas shi ne ya fi duk sauran rage wannan hayaƙin cikin abubuwan da ba su buƙatar lantarki. Kuɗin saye sau ɗaya ne, tukunya da kai, in babba ce a haɗa da tiyo da regaleta, akwai mai kilo 3, mai 6, da mai 12.5. Ciwon yana wurin cikawa, kuma tsadar da gas ya yi a 'yan shekarun nan ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi, wannan kowa ya gani. Sauƙin dai shi ne ana sayar da shi kilo-kilo, ba dole sai ka cika ba. Tukunya mai kyau ƙa'idarta shekara 15, ka duba shekarar da aka buga a jikinta kafin ka saya, kar ka ɗauki ta hannu wadda aka shafe da sabon fenti. Tiyo shi ne mai saurin mutuwa, zafi na busar da shi ya tsattsage, ɓera ma na ci.

Haɗarin shi kowa ya san shi, kuma tsoron nan ne ya hana iyayenmu da yawa yarda a shigo da shi gida. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru, shi ya sa tukunya ta fi son waje a inuwa, a huda bango tiyo ya shigo. Ki kwaɓa ruwan omo ki shafa a mahaɗar tiyon, in ya yi kumfa yana hurowa to yana yoyo. In kin ji wari kar a kunna fitila kar a kashe, kar a ƙyasta ashana, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da taga. Harshen wuta ya zama shuɗi, in ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya kan ya toshe, a wanke shi. Kuma gas ɗin ma yana fitar da tashi iskar mai cizon ƙirji musamman ga mai asma, don haka ba a girki da shi a kicin rufe ruf.

Gaskiyar magana gidan yawa ba zai iya tuwon mutum 20 da wake da ruwan wanka duka a gas ba. Ba laifi a raba, shayin safe, ɗumame, miya, abincin yara a gas, babbar tukunya kuma a murhu can tsakar gida inda iska ke kwashewa. Ko wannan rabin kaɗai ya rage awannin da take yi cikin hayaƙi.

Gawayi kuwa mayaudari ne. Da yake ba ya tada hayaƙi kamar itace sai a ɗauka mai tsafta ne, a shigo da kurfoti har falo. Alhali yana fitar da kabon monoksaid mai yawa, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sama da sau 200. Inda na fi jin tsoro shi ne daren sanyin Janairu, a cika kasko da garwashi a kai ɗakin tsohuwa ko na mai jego a ja ƙofa a toshe taga da tsumma don kar sanyi ya kama jariri. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai a ce maleriya ce, in mutum barci yake ma ba zai ji komai ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare kuma ya lafa da suka fita waje, ba sauro ba ne. A dafa da gawayi a waje, ɗumin ɗaki kuma a nemi bargo da safa da hula.

Risho ba sai na daɗe a kan shi ba, tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir a gida, ga hayaƙi ga gobara ga yara da ke sha in an zuba a gorar lemo, yanzu kuma tsadar shi ta cire mashi ɗan amfanin da ya rage.

Sai murhun tattalin itace, irin su Save80 na ƙarfe da kuma na laka, waɗanda mutanen shiyyar Daura sun san su tun shirin nan da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi Oxfam ta gudanar a ƙananan hukumomi 7 na yankin. Na laka arha ne kuma maginin tukwane na iya gyara shi in ya tsage, na ƙarfe ya fi tsada ya fi ƙarko. Suna rage cin itace sosai, hayaƙi ma ya ragu, amma ba ya raguwa har ya kai inda za a ce an tsira, don haka wurin shi tsakar gida ko kicin mai bututun hayaƙi. Ga wanda gas ya fi ƙarfin shi ko yake ƙauye nesa da wurin cikawa, wannan ne mataki na gaba.

Taga, fankar bango, da yadda ake shara

Wannan ne mafi arha kuma shi aka fi rainawa. Iska ba ta shiga ɗaki sai ta samu mafita, taga biyu masu kallon juna sun fi babbar taga guda, kuma matsalar ɗakunan haya da yawa kenan, taga ɗaya ce ita ma tana kallon katangar maƙwabci. Fankar sama ba ta canza iska, wadda ke ciki take juyawa, in ƙura ta kwanta a fukafukanta ma ita za ta watsa maka. Wadda ke fitar da hayaƙi ita ce ƙaramar fankar nan da ake hudawa a bango can sama, mai jan iska waje. Ba ta da tsada, ba ta cin wuta, ƙaramar sola na ɗaukarta, birkila da mai wayarin za su gama sa ta a wuni guda. Aibinta maiƙo na kama ta sai ana cirewa ana wankewa, kuma a sayi mai murfi ta waje, in ba haka ba ta zama ƙofar ƙura da sauro in tana kashe.

Ranar da hazo ya yi kauri a rufe tagogin ɗakin kwana, a cusa soso ko tsumma a ƙarƙashin ƙofa da gefen gilashi, masu lubas sun fi kowa shan wahala a nan don ba ta taɓa rufuwa duka. Ranar da gari ya washe a buɗe ko'ina iska ta ratsa. Raga sauro take tarewa da manyan ƙwayoyi, ba ta tare hazo. Kuma kar a ce don gudun ƙura a cusa yara takwas ɗaki guda a liƙe, mu da ke yankin da sanƙarau ke tashi da rani, cunkoso a rufaffen ɗaki na cikin abin da ke yaɗa shi.

Shara da busasshiyar tsintsiya tada ƙura take daga ƙasa ta kai ta hanci. Dabarar iyayenmu ta yayyafa ruwa kafin a share tana nan da amfaninta, a tayil ko leda kuwa jiƙaƙƙen tsumma ya fi. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango da labule mai hawa ukku, na san kayan ɗakin amarya ne ba a son a taɓa, amma rumbun ƙura ne, in akwai mai asma a naɗe kafet ɗin har sanyi ya wuce.

Gidan sauro ko igiyar leƙo

Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna hayaƙin irin wannan maganin sauron mai naɗi, ya samu cewa guda ɗaya na fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da karan sigari 75 zuwa 137. Ba wai gubar iri ɗaya ce da ta taba ba, yawan hayaƙin ake nufi, amma ka tuna a rufaffen ɗaki ake kunna ta kusa da kan yara har asuba. Fiya-fiya da Sniper kuwa maganin ƙwarin gona ne ba na ɗakin kwana ba, a 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da shaguna. Gidan sauro mai magani ana raba shi kyauta a wurin awo da lokacin rabon gida-gida, ko saye za ka yi bai kai kuɗin igiyar leƙon shekara ba, yana kai shekara 3 in ana ɗinke huda. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga saboda ƙaiƙayi. Kukan da ake da shi zafi ne da bazara, wannan kuma gaskiya ne, 'yar fanka mai caji a cikin gidan sauron na rage shi.

Na'urar tace iska

Ita ce kaɗai a cikin kayan nan da ke cire ƙurar da ta riga ta shiga iskar ɗaki. Fanka ce a cikin akwati tana jan iska ta cikin matata, kuma matatar da ake nema ita ce HEPA, wadda ƙa'idarta ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. Ƙurar hazo da ƙwayoyin hayaƙi duk tana kamawa. Abin da ba ta kamawa shi ne kabon monoksaid, ko kaɗan, kar wani ya yi barci da garwashi don yana da na'ura.

Tana aiki ne a rufaffen ɗaki kuma daidai girmanta. Ka duba lambar CADR a kwali, wadda ke nuna yawan iskar da take tacewa, ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce lambar ta kai kashi biyu cikin ukku na abin da ka samu in ka ninka tsawon ɗakin da faɗin shi a ƙafa, watau ɗaki ƙafa 12 da 12 na son wadda ta kai 100. Ƙaramar da ake ɗorawa kan tebur mai shuɗiyar fitila ba za ta yi wa falo komai ba. Wuta ba ta ci da yawa, ta ɗaki ɗaya wat 40 ce ko kusa da haka, in ta kwana awa 10 tana aiki bai kai rabin yunit ba, ko a Band A da yunit ya haura naira 200 ba wani abu ba ne, inbata ma na ɗaukarta cikin sauƙi. Amma in ba sola ba inbata kuma unguwarku wuta sai ta ga dama, ka sayi ado.

A Amurka irin wannan ƙaramar na kamawa wajen dala 100, matatar canji kuma dala 25 zuwa 30, ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa. Matatar ce inda ake kayar da mutane. Kamfanoni kan ce wata 6 zuwa shekara, wannan lissafin garin da ba hunturu ne, a nan za ta toshe da wuri, kuma ba a wanke ta da ruwa, ragar gaba kawai ake kakkaɓewa. Kafin ka biya ka tabbatar akwai inda za ka samu matatar wannan samfurin, ko Kano ko ta oda a intanet, in da hali ka haɗo da ta ajiya. Sabuwa kuma matatar na zuwa naɗe a leda a ciki, sai an cire, akwai masu kunna ta wata da watanni da ledar. 'Yan gwanjo a duba bayanta, ta Amurka wutar 120 take sha tamu 230 ce, kana sokawa ta ƙone. Ka guji masu tallar ozon ko masu cewa ba su buƙatar matata, ozon iska ce da ita kanta ke ƙona hanyar numfashi.

Akwai haɗin gida da wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka fito da shi a 2020 lokacin korona, fanka mai kusurwa huɗu da matata 4 a liƙe da salatif da kwali, yana aiki sosai kuma arha ne a can. A nan fankar da matatar duk sai an yi oda, arhar ta gudu. Jiƙaƙƙen zane a taga kuma yana kama manyan ƙwayoyi ya ɗan sanyaya hanci, iyakar shi kenan.

Esi da fanka mai ruwa

Mutane da yawa na ɗauka esi iskar waje yake kawowa ya tace. A'a, irin wanda muke sawa a bango iskar ɗakin yake juyawa ya sanyaya, ragar cikin shi kuma manyan ƙwayoyi take tarewa don kare injin. Amfanin shi ga iska ɗaya ne, yana ba ka damar rufe taga da zafi ba tare da ka dahu ba. Shi ya fi kowa tsada a saye, ya fi kowa cin wuta, mai ƙarfin doki ɗaya na shan abin da na'urar tace iska kusan 20 za su sha, yana ƙara busar da hanci, in ba a wanke ragar kuma da damina ya riƙa warin fumfuna. Masu gyara dai ko'ina akwai. In zafi ne damuwarka saye shi, in tari ne ba nan maganin yake ba.

Fanka mai ruwa ta dace da bazararmu saboda iskar a bushe take, Maris da Afrilu tana sanyi mai daɗi, tana jiƙa iska hanci ya huta da tsagewa, wuta kaɗan take ci. Amma tana son taga a buɗe, in ka rufe ɗaki sai ya yi gumi, ka ga kenan ba ta hana ƙura shigowa. Damina na sauka ta zama fanka kawai. Ruwan cikinta in ya kwana biyu yana wari ya tara ƙwayoyin cuta ta riƙa fesa maka, sai ana zubarwa ana wankewa, ruwan bohol mai gishiri kuma yana daskarar da soson bayanta.

Fulawa, turare da feshin ƙamshi

Maganar cewa tukunyar fulawa na tace iskar ɗaki daga gwajin NASA na 1989 ta samo asali, a cikin rufaffen akwati aka yi shi ba ɗaki ba. A 2019 masu bincike a jami'ar Drexel suka sake lissafin suka ce sai ka jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da iskar da ke shiga da fita ke yi. A ajiye don kyau. Dogon yaro a ƙofar gida ya fi su amfani, ko ba komai ga inuwa.

Turaren wuta ba zan ce a bari ba, wa zai ji ni ma, gidan da ba ƙamshi ai sai a ce uwargida ba ta iya ba. Amma ƙamshi ba tsaftar iska ba ne, hayaƙi ne shi ma, kuma a kan garwashi. Ki turara lokacin da yara ba su ciki, labule da kaya su kama, ki fitar da kaskon ki buɗe taga kafin a shigo kwana. Ɗakin jariri da na mai asma a tsallake shi. Feshin gwangwani wari yake rufewa, ba abin da yake cirewa.

Janareta

Wannan ba zaɓi ba ne, sharaɗi ne. Inji ya yi nesa da taga da ƙofa aƙalla ƙafa 20, wajen mita 6, salansa na kallon waje. Ba a zaure ba, ba a baranda ba, ba a kicin ba, ko don ruwa ko don ɓarawo, a gina mashi keji a waje. Akwai 'yar ƙararrawa mai batir da ke kuwwa in kabon monoksaid ya taru, daban take da ta hayaƙin gobara, ba ta kai kuɗin matatar na'ura biyu ba kuma tana shekara 5 ko fiye. Gidan da ke da inji a matsattsen fili ya kamata ya mallake ta.

| Kaya | Mi yake magani | Kuɗin saye | Kuɗin riƙo | Sai da wuta? | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gas | hayaƙin girki | matsakaici | mai nauyi | a'a | yoyo, gobara |
| Murhun tattali | rage hayaƙi | kaɗan | yana rage kuɗin itace | a'a | sauran hayaƙi |
| Fankar bango | fitar da hayaƙi | kaɗan | kaɗan | e, kaɗan | ƙura in ba murfi |
| Gidan sauro | hayaƙin dare | kyauta ko kaɗan | babu | a'a | zafi da bazara |
| Na'urar HEPA | ƙura, ƙwayoyin hayaƙi | mai nauyi | matata | e, kaɗan | jabu, masu ozon |
| Esi | zafi | mafi tsada | mafi tsada | e, da yawa | bushewa, fumfuna |
| Fanka mai ruwa | zafi, bushewa | matsakaici | kaɗan | e, kaɗan | ruɓaɓɓen ruwa |

To wa ya dace da mi

Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, inda nan ne falo nan ne kicin, ka fitar da girki ƙofar ɗaki, ka sayi ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, ka rataya gidan sauro ka daina igiyar leƙo. Na'ura ba taka ba ce yanzu.

Gidan yawa mai girkin itace, murhun tattali a tsakar gida, gas na ƙananan girki, a huda wa kicin taga ta biyu can sama, kuma a samu mai riƙe jariri lokacin da uwar ke gaban murhu.

Wanda ya riga ya koma gas, ba ya kunna komai a ɗaki, amma duk hunturu sai an kwana asibiti da yaro mai asma ko tsoho mai ciwon ƙirji, kai ne na'urar HEPA ta dace da kai. Guda ɗaya, a ɗakin da mara lafiyar ke kwana, a toshe kafofin ɗakin, a naɗe kafet, a tanadi abin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Ba ta maye gurbin inhela da ganin likita.

Wanda zafi ne ya hana shi barci, fanka mai ruwa in aljihu bai kai ba, esi in akwai wutar riƙe shi, in kuma ƙura na damun shi a haɗa esin da na'ura don su biyun duk rufaffen ɗaki suke so.

Mai gini kuma da bai kai linta ba, kai ka fi kowa sa'a. Ka ce wa birkila kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban, kicin ya samu ƙofar shi ta waje da ramin fanka a sama, a fitar da ɗan keji na tukunyar gas a inuwa, ɗakin inji kuma can ƙarshen fili nesa da tagogin kwana, naka da na maƙwabci.